Taswirar rufin da ido ba ya gani



Kun lura da dare rediyo yana kamo tashoshin nesa da ba ya kamawa da rana? Ba akwatinku ba ne ya ƙara ƙarfi. Abin daga sama yake.

Can sama, daga wajen kilomita 60 har zuwa 1000, iska ba ta da kauri. Hasken rana yana dukanta, sai ta cika da ƙananan ƙwayoyin lantarki. Masana suna ce ma wurin iyonosfer. Muryar rediyo in ta hau ta bugi wannan rufi, sai ta komo ƙasa can nesa. Da rana, gefen rufin na ƙasa yana shanye muryar. Da dare gefen nan ya watse, murya ta samu hanya. Wani ɗan Ingila, Appleton, shi ya tabbatar da rufin a 1924.

Rufin nan ba ya zama yadda yake. Na safe dabam, na marece dabam. Ita kanta rana ƙarfinta yana hawa da sauka, wajen shekara 11 kowane zagaye. Taurarin ɗan adam na GPS, masu nuna ma jirgin sama da wayar hannu inda suke, suna wajen kilomita 20,000 sama da mu. Tilas saƙonsu ya ratsa rufin, rufin kuwa yana jinkirta shi. In ba a gyara lissafi ba, sai a nuna ka wani wuri, mita da yawa daga inda kake tsaye. Shi ya sa ake yin taswirar rufin.

Yaya ake auna abin da ba a gani? Tauraro yana aiko saƙo kan zango 2. Ɗaya ya fi ɗaya jinkiri. Daga bambancin ake gane yawan ƙwayoyin da ke kan hanya.

Amma awo bai kai ko'ina ba. Ku dubi manomi: ya dubi geronsa ya ce zai samu dami 40. Ya girbe kusurwa guda, ya ƙidaya, ya ga kiyasinsa ya yi yawa, ya rage. Haka kwamfuta take yi. Tana da kiyasinta na rufin duka. Awo ya zo, ta gyara wurin da aka auna da maƙwabtansa, ta ci gaba. Inda awo ya yi kaɗan, kiyasi ke ɗaukar kaya.

Nan abin ya shafe mu. Kudancin Nijar yana cikin yankin tsakiyar duniya, inda rufin yakan rikice bayan faɗuwar rana, saƙo ya riƙa yankewa. Ga shi tashoshin awo a Afirka ba su kai na Turai yawa ba. A 2019 Amurka da Taiwan sun harba taurari 6, COSMIC-2, masu zagaya wannan yanki. Su daga sama suke saurarar saƙon GPS lokacin da ya ratso rufin ta gefe, har bisa daji da hamada inda babu tasha ko ɗaya.