Jawabin Buɗe Wasan Kanta a Fakku

 

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban makaranta, iyayen yara, baƙinmu na Tambuwal da Kebbe, jama'ar Fakku maza da mata, assalamu alaikum.

An ɗora mini nauyin buɗe wasan kwaikwayon da ɗalibanmu suka shirya a kan Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi. Duk maganar da ke cikinsa a waƙe take, baiti bayan baiti, kuma da ka za a kawo ta.

Kanta ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka samu saɓani a kan rabon ganima, sai ya janye mubaya'arsa wajen 1516. Songhai ta turo runduna, runduna ta koma ba nasara. Ya gina Surame, wadda kufanta ke nan Jihar Sakkwato har gobe, da ganuwarta ta dutse. Ya kai yaƙi har Barno, a hanyar dawowa kibiya ta same shi a ƙasar Katsina, ita ce ajalinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinsa a Infaƙul Maisuri.

Turawa ma suna da irin wannan wasa. A Ingila, wajen 1587, Christopher Marlowe ya rubuta Tamburlaine a waƙe, a kan Taimur, wanda ya kama Sarkin Turkawa Bayazid a Ankara a 1402, ya mutu a 1405 yana kan hanyar yaƙar Sin. A wasan har sarakunan da aka ci da yaƙi ake ɗaura wa linzami su ja keken sarki. Akwai kuma wurin da aka yi wa Alƙur'ani rashin ladabi, don haka malamanmu sun yi daidai da suka bar shi can, suka ɗauko namu.

Amma haɗarin da ke cikin wasan Marlowe yana cikin namu. Baiti mai daɗi yana sa mai sauraro ya manta da wanda aka kashe. Mu mutanen ƙasar Narambaɗa ne, mun san yadda kirari ke tayar da tsikar jiki, ka ji mutum ya gyara zama shi da bai taɓa riƙa mashi ba. Shi makaɗin fada aikinsa ke nan, kuma ba a nemi ya yi wani ba. Mai wasan kwaikwayo kuwa an ba shi bakuna da yawa. Ganuwar Surame wasu ne suka ɗauko dutsenta a ka, wasu suka jido ruwan kwaɓa ƙasarta, kuma ba wanda ya riƙe sunayensu. Na yi murna da na ji an ba waɗannan talakawa baitocinsu, har da matar da mijinta bai dawo daga Barno ba.

Kai ɗana da za ka fito a Kanta, kada ka cika ihu. Sarki ba ya ɗaga murya, sankira ne ke yi masa. Ja numfashi a ƙarshen ɗango, ka bar amsa-amo ya sauka da kansa, domin na bayan fili ma ya zo ji ne. Ku 'yan amshi, ku jira juna. Masu kakaki da tambura, in ana magana ku sassauta.

Iyayen da suka ara mana rawuna da alkyabba da takubba, mun gode, kuma shugaban makaranta ya yi alkawarin komai zai koma hannun mai shi kafin magariba.

Da izinin Hakimi, da sunan Allah, na buɗe wannan wasa. Yara, fili naku ne.