Abin da ba ya shiga littafin ma'aji

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa 'yan kasuwa, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa.

Kowace shekara lissafin adashe da riba ake karantawa a wannan taro. Bana mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mun roƙi minti biyar.

A cikinmu akwai waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta shafa, wasu kuma ruwa ya ci musu kaya a Kantin Kwari a 2022. Jari ya dawo, Alhamdulillahi, rancen ƙungiya ya yi rana. Amma akwai wadda har yau in ta ji ƙaurin hayaƙi sai jikinta ya ɗauki ɓari. Ba barci, sai mugun mafarki, sai faɗa da yara ba gaira ba dalili. Kafin ka ce kwabo rikicin ya kai ga maigida. Mu kuwa abin da muka iya shi ne, "Yi haƙuri, Yaya." Haƙuri da addu'a ba ma barin su. To amma mai ciwon suga ma haƙuri muke ba ta, kuma mu kai ta asibiti.

Wannan ciwon ma yana da masu duba shi. Zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, yawanci sau ɗaya a mako, har wasu makonni. Ki faɗi abin da ke cin ki, maganar ta tsaya nan, ba za ki tsince ta a gidan biki ba. Zai koya miki yadda za ki lafar da numfashi in firgici ya taso, da yadda za ki tunkari wurin da kike gudu, sannu a hankali. In mata da miji ne, kowa a ba shi dama ya yi magana ɗayan na saurare, ba a neman mai laifi. Amma fa in akwai duka, tsira da lafiya tukuna, zama tare daga baya.

Mun san abin da ke hana mu. Da an ambaci Dawanau sai a ce hauka, a fara tunanin wa zai auri 'ya'yanmu. Asibitin Malam Aminu Kano ma yana da wannan sashe, kuma da ƙafarki za ki shiga ki fito.

Roƙonmu biyu ne. A ware kuɗin mota daga asusun taimako ga duk mai son zuwa, ba tare da an rubuta sunanta a littafi ba. A kuma zaɓi mata biyu masu riƙon sirri su riƙa rakiya. Hajiya, muna so a kaɗa ƙuri'a yau, kafin a raba abinci.