Fadamar Alƙalawa: Mu Rubuta Abin da Ya Rage



Kullum muna koya wa ɗalibanmu cewa Sarkin Gobir Babari ya mayar da Alƙalawa babban birninsa a tsakiyar ƙarni na 18, kuma birnin ya faɗi a 1808, zamanin Yunfa. Abin da ba mu cika gaya musu ba shi ne dalilin da ya sa birni ya zauna a can. Ruwa ne. Bunsuru da Gagare suna gangarowa ta ƙasar Isa su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar, ya dawo ya same su. Ambaliyar kowace damina ita ke shimfiɗa laka a fadama, ta cika tafkuna, ta ƙosar da rijiyoyi har rani ya fita.

Yau gulbin yana tsakanin madatsu biyu: ta Jibiya daga sama, ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, daga ƙasa. Rairayi na cike tafkuna, gatari na cin giginya da gawo, injinan ban ruwa na zuƙe na ƙarƙashin ƙasa. Ba ma ganin laifin mai noman albasa; da ita yake saya wa ɗalibinmu littafi. Amma kowane tafki da ya ƙafe, makiyayi da manomi sai su haɗu a bakin wanda ya rage, kuma dukanmu mun san abin da wannan haɗuwa ta jawo mana.

Roƙonmu ƙarami ne. Kowace makaranta ta buɗe littafi guda. A rubuta sunan kowane tafki na yankinta, watan da yake cika da watan da yake ƙafewa, ko har yanzu ana samun tarwaɗa da gaiwa, ko ɗinya na sauka. Kada a kai yaro ko ɗaya daji. Halin tsaro bai ba mu wannan dama ba. Dattawan da suka baro ƙauyukansu suna nan cikin Sabon Birni da Isa, masunta da makiyaya da manoma, kuma taswirar fadamar tana cikin kawunansu. Ɗalibai su je su gaishe su, su tambaya, su rubuta.

Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya. Muna son kowane shugaban makaranta ya zo da littafinsa a ranar, mu haɗa su, mu kai wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kwafi.