Ƙissar Annabi Musa da Fir'auna: Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Tattaunawa Tsakanin Addinai

Kuɓutar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna ƙissa ce da Yahudawa da Kiristoci da Musulmi suka yi tarayya a kanta, shi ya sa ta dace da zaman da ya haɗa masu martaba iyayen ƙasa, malamai, limaman coci da ɗaliban da ake yayewa a yau.

A wajen Yahudawa, labarin yana cikin Littafin Fitowa, kuma duk shekara ana raya shi a Idin Ƙetarewa. Iyali kan zauna cin abincin dare da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, ƙaramin yaron gida ya yi tambaya, manya su ba shi labarin bauta da fita kamar a kansu abin ya faru. A Alƙur'ani kuwa, babu annabin da aka ambaci sunansa kamar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: sau 136. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, ya tarar da Yahudawa suna azumtar Ashura don godiya ga wannan ceto, sai ya azumta, ya kuma yi umurni da azumin. Ke nan azumin 10 ga Muharram da ake yi a ƙasar Hausa yana da jiɓi da tsallake tekun da Bani Isra'ila suka yi.

Kiristoci baƙar fata na Amurka sun riƙe ƙissar da hannu bibbiyu a zamanin bauta, har suka yi wa Harriet Tubman laƙabi da Musa saboda bayin da ta tsirar. A tattakin neman 'yancin baƙar fata na Selma a 1965, malamin Yahudawa Abraham Joshua Heschel ya jera da Martin Luther King a sahun gaba.

Sai dai ruwayoyin ba su zo ɗaya ba, kuma ɓoye hakan ba ya cikin ladabin tattaunawa. A Littafin Fitowa 'yar Fir'auna ce ta ɗauki Musa yana jariri daga kogi; a Alƙur'ani matar Fir'auna ce ta roƙa kada a kashe shi. Wannan saɓani mai sauƙi ne. Babban haɗarin shi ne kowace al'umma ta ɗauki kanta Bani Isra'ila, ta mai da maƙwabciyarta Fir'auna. Afirka ta Kudu ta ga haka ƙiri-ƙiri. Turawan Bowa sun kwatanta ƙaurarsu ta shekarun 1830 da fitar Bani Isra'ila, fassarar da daga baya ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan wariyar launin fata. Da ƙissar nan dai Desmond Tutu ya yaƙi wariyar, yayin da malamin Musulunci Farid Esack ya fitar da littafi a 1997 kan Alƙur'ani da 'yanci da zaman cuɗanya da mabiya wasu addinai.

A shekarun 1990 wasu malaman jami'a, ciki har da Peter Ochs da David Ford, suka fito da tsarin karatun nassosi tare. Mutane kaɗan ne ke zama, kowa ya kawo gajeren nassi daga littafinsa, ya bayyana yadda malamansa suka fahimce shi, sauran su yi tambaya. Ba a neman kowa ya bar aƙidarsa, ba a kuma tilasta a tashi da matsaya ɗaya. Irin wannan zama ne ɗaliban da aka yaye za su jagoranta a makarantu da unguwanninsu.