Raunin Laka Da Haƙƙin Majinyacinmu

 Idan ɗanmu ya faɗi a babur, lakarsa ta taɓu, kada mu kai shi wurin mai ɗori. Mu ɗora shi kan katako, wuyansa a miƙe, sai Babban Asibitin Minna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin taimakon gaggawa, ga baƙo ko ɗan gari.

Da farko ƙafafu kan saki, ko likita ya ƙwanƙwasa gwiwa ba ta harbawa. Kada mu yanke ƙauna. Bayan kwanaki ko makonni ƙafar kan riƙa zabura da kanta. Wannan ba warkewa ba ce tukuna, sai ya motsa ta da nufinsa. Mu ci gaba da ganin likita. Allah Ya tsare mu, amin.