Kamfanin Takalma da Ɗan Wasan da Ya Durƙusa
Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya

 

An nemi mu ce wani abu a kan gardamar da samari suka tayar a layin masu takalma, wato ko kamfanin Nike ya kyauta da ya sa Colin Kaepernick a tallarsa. Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Amurka? To, ai kambas da riguna masu wannan tambari muna sayar da su, 'ya'yanmu suna sa su. Ko rigar Super Eagles ta gasar cin kofin duniya ta 2018, wadda aka yi ta rububinta, Nike ne ya ɗinka ta. Ya kamata mu san labarin kayan da ke rumfarmu.

Shi Kaepernick ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake ruguwa da ita a hannu, a ƙungiyar San Francisco 49ers. A watan Agusta na 2016 aka lura ba ya miƙewa in ana taken ƙasa kafin wasa. Da aka tambaye shi, ya ce ba zai tsaya girmama tutar ƙasar da ake zaluntar baƙar fata ba, 'yan sanda suna kashe su ba a hukunta kowa. Wani tsohon soja, Nate Boyer, ya ba shi shawara ya riƙa durƙusawa da gwiwa ɗaya maimakon zama, ya kuwa karɓa. Ya rabu da ƙungiyarsa a watan Maris na 2017, kuma tun daga nan babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa a gasar NFL. A watan Satumba na shekarar, Shugaba Trump ya ce a kori duk mai durƙusawa.

Sai ga shi a farkon Satumba na 2018 Nike ya fito da hoton fuskarsa a talla, da saƙon cewa mutum ya tsaya kan abin da ya yi imani da shi ko da zai rasa komai. Nan ƙasa ta rabu biyu. Wasu suka cinna wa takalmansu wuta, wasu suka yanke tambarin daga safarsu, suna cewa an ci mutuncin tuta da sojoji. Wasu kuma suka ruga saye. Ranar farko hannun jarin kamfanin ya faɗi da kamar kashi 3 cikin ɗari, amma kafin watan ya ƙare ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. A 2019 har lambar yabo tallar ta samu.

Samarinmu suna cewa kamfanin ya yi jarumta. Mu dai da muka tsufa a kasuwa, lissafi muka gani. Kaepernick yana da kwantiragi da Nike tun 2011. A shekara biyun da ya yi yana shan zagi, ba su fito da shi a talla ba, har jaridar New York Times ta ruwaito cewa a 2017 saura kaɗan su rabu da shi. Sai da suka duba su wa ke sayen kayansu, suka ga matasan birane ne, galibinsu kuma suna tare da shi. Wanda ya ƙone takalminsa kuwa, ai ya riga ya biya kuɗin. A wannan shekara ta 2018 ɗin ma suka sabunta yarjejeniyar ɗinka wa ƙungiyoyin NFL riguna, wato gasar da ta rufe masa ƙofa. Kun ga sun ci ta nan, sun ci ta can. Shi ma an biya shi, ba mu ce ba a biya shi ba, amma sana'arsa ba ta dawo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In kuna son ganin yadda abin yake tun kafin ya zama riba, ku duba na baya. Muhammadu Ali ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam a 1967, aka ƙwace kambunsa, bai sake dambe ba sai 1970. A 1968, a wasannin Olamfik na Meziko, Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga dunƙulen hannu lokacin karɓar lambar yabo, aka kore su daga wasannin. A 1996 Mahmoud Abdul-Rauf, ɗan ƙwallon kwando na Denver, ya ƙi tashi wa taken ƙasa, aka dakatar da shi, daga baya aka daidaita cewa zai tashi amma yana addu'a. Bayan nan tauraronsa ya dushe. Waɗannan da aljihunsu suka biya.

Kuma a duba gidan kamfanin kansa. A 1996 wata mujallar Amurka ta buga hoton yaro ƙarami a Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike. A 2019 'yar tsere Allyson Felix ta bayyana cewa kamfanin ya nemi rage mata kuɗi da kashi 70 cikin ɗari a lokacin da ta samu juna biyu. Sai da surutu ya yi yawa suka gyara dokarsu.

To, wannan yana nufin tallar ba ta da amfani? A'a, jama'a, mu yi adalci. Mutumin da aka so a binne maganarsa, sai ga fuskarsa a manyan alluna. Bayan kashe George Floyd a watan Mayu na 2020, shugaban NFL da bakinsa ya yarda sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasa ba tun farko. Alheri ko da lissafi aka yi shi, wanda ya amfana ya amfana. Sai dai yabon jarumta a kai shi ga wanda ya yi asara.

Saboda haka muna ce wa samarinmu, mai son takalmin ya saya don ingancinsa da ƙarfin aljihunsa, kada ya ɗauka sa shi gwagwarmaya ce. Mu kuma 'yan kasuwa, mun san ranar da faɗin gaskiya kan kori mai saye daga bakin rumfa. A irin wannan rana ake gane ɗan kasuwa, kuma da wannan mudu ya kamata mu auna kowane kamfani, mu auna kanmu.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gyara mana.