Lambobin Rumawa da Ƙa'ida Mai Kiran Kanta

Duk ɗalibin da ya buɗe littafi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru zai tarar an ƙidaya shafukan gabatarwa da haruffa, watau i, ii, iii, iv. Haka ma'aikacin gwamnati yake cin karo da su a cikin dokoki. Alal misali, a Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, Babi na IV ya tanadi 'yancin ɗan'adam, Babi na VI kuwa ya shafi masu zartaswa. Wanda ya musanya gurbin haruffan nan biyu a takardar ofis ya kafa hujja da abin da bai nufa ba. Saboda haka sanin ƙa'idar waɗannan lambobi ba ado ba ne, larura ce.

Haruffa bakwai ake amfani da su: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. In ƙaramin harafi ya biyo bayan babba, sai a tara. In ya gabace shi, sai a ɗebe. Ta haka aka sami tagwaye shida: IV 4, IX 9, XL 40, XC 90, CD 400, CM 900. Alamomi goma sha uku ke nan gaba ɗaya.

Wannan ɗebewa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin yakan ce "ashirin ba ɗaya" yana nufin 19, ko "ashirin biyu babu" yana nufin 18. Abin sha'awa, a harshen Latin ma sunayen 18 da 19 na nufin biyu daga ashirin da ɗaya daga ashirin. Kazalika rubuta adadi da haruffa tsohon abu ne a wurin malaman ƙasar Hausa, waɗanda sukan rufe waƙa da ramzi. A lissafin Magaribawa da suke bi, shin dubu ne, ra ɗari biyu, ya goma, ha ƙarami takwas. In an haɗa su sai a sami 1218, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, daidai da 1804.

To, ta yaya za a mayar da kowane adadi zuwa lambar Rumawa ba tare da kuskure ba? Mai tireda a kasuwar Sabon Gari, ko mai sayar da hatsi a Jushi, ya san amsar, ko da bai san sunanta ba. In zai ba da canji, yakan fara zaro takardar kuɗi mafi girma da ba ta wuce abin da ake bin sa ba, sa'an nan ya dubi saura, ya sake yin abin da ya yi da farko, har bashi ya ƙare.

Ƙa'idar ke nan, kuma sharuɗɗanta biyu ne. Na farko, in adadin sifiri ne, a tsaya. Na biyu, in ba sifiri ba ne, a nemo mafi girma cikin alamomin nan goma sha uku wadda ba ta wuce shi ba, a rubuta ta, a ɗebe ƙimarta, sa'an nan a miƙa ragowar ga ita wannan ƙa'ida ɗin. Masana kwamfuta suna kiran irin wannan tsari aiki mai kiran kansa.

A gwada da 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A rubuta M, saura 962. A rubuta CM, saura 62. A rubuta L, saura 12. A rubuta X, saura 2. A rubuta I, saura 1. A sake rubuta I, saura sifiri, aiki ya ƙare: MCMLXII.

Akwai abubuwa uku na lura. In aka mance da sharaɗin tsayawa, kwamfuta za ta yi ta kiran aikin har ma'ajiyarta ta cika ta cije. In aka bar tagwayen nan shida a waje, 900 zai fito DCCCC maimakon CM. Daɗin daɗawa, tun da ba a jera harafi ɗaya fiye da sau uku, ƙa'idar ba ta wuce 3999, watau MMMCMXCIX.

Rumawa ba su da alamar sifiri, amma ga shi sifiri ne ke tsayar da aikin. Shi da alƙaluman Indiya sun yaɗu ta hannun masana irin su Alkhawarizmi na Bagadaza a ƙarni na tara, kuma Leonardo na Pisa ya tallata su a Turai cikin littafinsa na 1202. Daga bisani suka ture lambobin Rumawa daga fagen ciniki, suka bar musu babin doka da fuskar agogo.

A taƙaice, duk wannan bayani da Hausa aka yi shi, ba a rasa kalma ba. Bahaushen da ke cewa dubu da ɗari tara da sittin da biyu, daga babba zuwa ƙarami yake sauka, kamar yadda ƙa'idar take yi. Abin da ya rage shi ne malamai su yarda su fara koyar da yara daga abin da ke bakinsu, domin da tsohuwar zuma ake magani.